Admin a ɓoye sunana: ina ganin saki na tafe, me ya kamata ya same ni da shi a hannu?

Admin: Assalamu alaikum. Wata 'yar uwa ce daga Jidda ta turo wannan, ta roƙi a ɓoye sunanta. Wanda zai yi magana ya yi da mutunci, wanda ya yi zagi zan cire shi. Ga saƙon:

"Jama'ar gida, shekarata 11 da aure, 8 daga ciki a nan Jidda. Yaranmu uku, babbar shekararta 10, autan bai cika uku ba. Maigidan ɗan Najeriya ne kamar ni, a kamfani yake aiki, igamata (katin izinin zama a Saudiyya) da ta yara duk a ƙarƙashinsa suke. Igiya ɗaya ta riga ta tsinke bara, ya mai da ni cikin idda. Tun bayan babbar Sallah ba ma magana sai ta yara. Iyaye sun sa baki daga gida, kawuna da ke Makka ya zo har sau biyu, abin bai gyaru ba. Makon jiya ya ce mini igamarmu saura wata huɗu, kuma shi ba ya jin zai sake biyan rusum ɗin mutum huɗu, wato kuɗin da gwamnati ke karɓa kan iyalin baƙi. Na gane inda maganar ta dosa. Ba shawarar haƙuri na zo nema ba, na yi, ina kan yi. Abin da na mallaka: sarƙa da 'yan kunne da awarwaro biyu na gwal, riyal 2,300 na kuɗin masar da nake yi ranar Juma'a, da zubin adashi da ban ɗauka ba. Fasfo ɗinmu duk suna wurinsa. Ban taɓa buɗe asusun banki ba. Daga ina zan fara?"

Maman Walid: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, na bi wannan hanyar shekara huɗu da suka wuce a nan Makka, don haka ki saurare ni. Kafin kuɗi, takardu. Yau ɗin nan, ba gobe ba, ki ɗauki hoton fasfo ɗinki da na yara, igamar kowa gaba da baya, takardar haihuwar kowane yaro, katin rigakafi, sakamakon makaranta, da takardar aurenku. Ki tura wa mutum ɗaya da kika yarda da shi, ki kuma ajiye a imel ɗin da ke kaɗai kika san mabuɗinsa. Fasfo ɗinki naki ne, ki roƙe shi cikin lumana tun yanzu da ake iya magana. Ni ranar da aka ba ni takardata ko lambar igamar ɗana ban sani ba. Wata biyu na yi ina bin ƙanen mijin yana ce mini gobe. Sai abu na biyu da mata ba sa tunawa: layin wayarki da sunan wa aka yi masa rajista? In da sunansa ne, ranar da ya rufe shi kin rasa Absher (manhajar gwamnati ta harkar igama da biza), kin rasa saƙon kotu, kin rasa masu sayen masarki gaba ɗaya. Ki yanki layi da igamarki, ki mayar da komai kansa.

Abu Sudais: Subhanallah. Mace ta zo da matsalar aure, maimakon a ce ta gyara, an fara koya mata haɗa kaya. Wallahi irin wannan zugar ce take kashe aure. Idan mijin ya ga tana ɗaukar hoton takardu a ɓoye, me zai zo masa a rai? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maman Walid: Malam Abu Sudais, bangon ya riga ya tsage, ita ta faɗa da bakinta. Ba wanda ya ce ta nemi saki. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kai in kamfaninku ya fara maganar rage ma'aikata, ba ka lissafa kuɗin ƙarshen aikinka? Shi ke nan sai a ce kai ka jawo korar?

Abu Sudais: Aure ba aikin kamfani ba ne, Hajiya.

Hajiya Babba: Ku dakata, 'ya'yana. Shekarata arba'in da wani abu a Shari'a Mansur, na ga aure ya mutu, na ga wanda aka fid da rai ya tashi. Abu Sudais, ɗana, ka yi gaskiya da ka ce kada ta yi abu kamar ɓarauniya a gidanta. Amma macen da ta san tana da na motar komawa gida ta fi iya zama ta yi sulhu da hankalinta, don ba tsoro ne ya zaunar da ita ba. Wadda ba ta da ko sisi ita ce take sa hannu a kan duk abin da aka miƙo mata. 'Yata, gwal ɗin nan kada ki sayar yanzu. In kin kai kasuwa kuɗin ƙira ba ya dawowa, nauyin kawai za a biya ki. Ki nemo faturarsa, wato rasit ɗin saye, in tana nan, don ita ce shaidar naki ne, kuma masu shago suna tambayarta. Kada ki bar shi a ɗakin da ake rigima, kada kuma ki ba 'yar Kano-Jidda ta kai miki gida ba tare da shaidu ba. Adashin kuma ki je wurin uwar adashi ki gaya mata gaskiya a asirce, ki roƙi a matso miki da kwasarki. Mun sha yin haka, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ummu Rayyan: Bari in shigo ta ɓangaren doka, don na raka mata da yawa kotun iyali ina yi musu tafinta. Tun 2022 Saudiyya tana da rubutacciyar dokar zamantakewar iyali, an fitar da ita a watan Maris, ta fara aiki a watan Yuni. Kotunan nan suna sauraron ƙarar baƙi masu igama, ba 'yan ƙasa kaɗai ba. A dokar, miji dole ya yi rajistar saki cikin kwana 15. In ya ɓoye, matar ba ta sani ba, tana da haƙƙin diyya wadda ba za ta gaza kuɗin ciyarwa ba daga ranar sakin zuwa ranar da ta sani. Kome ma sai an yi masa rajista. To 'yar uwa, sakin bara an rubuta shi? Komen fa? Ki bincika, don kada ranar da aka je gaban alƙali a fara gardamar igiya nawa ta rage. Tun Janairun 2019 ma kotu take tura wa mace saƙon waya idan an yi rajistar sakinta, shi ya sa maganar layi da Maman Walid ta yi ba ƙarama ba ce.

Wurin da aka fi cutar mata shi ne jinkiri. Kuɗin ciyarwarki na baya, kotu ba ta sauraron abin da ya wuce shekara biyu kafin ranar shigar da ƙara. Na yara kuma shekara ɗaya. Mace za ta yi shekara biyar tana ci da yara da guminta tana cewa wata rana za ta karɓa, ta zo a ce mata mafi yawansa ya wuce. Ana shigar da ƙara ta Najiz, shafin kotuna na intanet, amma sai an fara bi ta sulhu, akwai manhajar Taradhi ta ma'aikatar shari'a. Kada ki raina zaman sulhun nan. Abin da aka rubuta aka amince a wurin yana da ƙarfin hukunci, kotun zartarwa tana iya cire kuɗin ciyarwa daga albashinsa kai tsaye, har zuwa rabin albashi doka ta yarda a taɓa saboda ciyarwa. Don haka ki je da lissafi a rubuce: haya, abinci, makaranta, magani, sutura, kowane wata nawa. Daga yau duk faturar da kika biya ki ajiye.

Maman Ilham: Anti Ummu Rayyan, yaran fa? Ni abin da na sani a gida, da an yaye yaro uba yake karɓa.

Ummu Rayyan: A dokar nan uwa ce farko a riƙo, sai uba, sai kakar wajen uwa, sai kakar wajen uba, sai dai in alƙali ya ga maslahar yaro tana wani wuri. Yaro in ya kai 15 yana zaɓen wurin wanda zai zauna, riƙo yana ƙarewa a 18. Amma mai riƙo ba ya fita da yaro daga ƙasar fiye da kwana 90 a shekara sai da yardar ɗayan. Kuma wanda ya yi shiru fiye da shekara bai nemi riƙo ba, ba tare da uzuri ba, haƙƙinsa yana iya faɗuwa.

Malam Na Misfala: Allah ya saka wa Ummu Rayyan. Maman Ilham, abin da kika faɗa al'ada ce, ba mazhabarmu ba. A Malikiyya da muka taso a kai, uwa ce da renon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare, matuƙar uwar ba ta auri wani bare ba, kuma ciyarwa tana kan uba duk tsawon lokacin. Mu ne muka bar littafi muka bi son rai. Sannan ina jan hankalin mijin, in yana cikin wannan zaure ko wani zai isar masa. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta cikin idda, ta kuma hana ita ta fita. Wannan saki na biyu ne in ya auku, akwai kome, don haka ci da sha da wurin kwana duk suna kansa har ta gama. Aya ta 6 ta yi maganar mazauni da ciyar da mai ciki da ladan shayarwa. Baƙara aya ta 241 ta yi maganar kyautar sallama, wadda mu Hausawa muka manta da ita kamar ba a saukar ba. Sadaki da lefe da duk abin da ya ba ta kyauta nata ne, ba ya karɓa. 'Yar uwa, ke kuma kada zafin rai ya sa ki ce "na yafe komai ka sake ni". Wannan kalma tana iya mai da maganar khul'i, wato mace ta fanshi kanta, ki tashi da asara. Kuma ko khul'in ne, haƙƙin yara ba naki ba ne balle ki yafe shi.

Ummu Rayyan: Dokar ma haka ta ce, Malam. Ba a biyan khul'i da riƙon yara ko kuɗin ciyarwarsu.

Maman Walid: Duk wannan gaskiya ne, amma kada mu rufe ta da daɗin baki. Absher bai san idda ba. Mijin da ke riƙe da igamarki yana iya buga miki fita ta dindindin daga wayarsa yana zaune, daga nan kwana 60 ne gare ki ki bar ƙasar. Takardar riƙon yara ba igama ba ce. Da mijin ɗan ƙasa ne, da sai mu ce ki nemi igamar uwar ɗan ƙasa, wadda gwamnati ta amince da ita tun 2013, ba kafili (mai tsaya wa baƙo), ba kuɗi. Naki ba haka ba ne. In aure ya ƙare, dalilin zamanki ya ƙare, sai in kin sami aiki an mayar da igamarki kan mai aikin, ko kina da mahaifi a nan. Ki lissafa da kyau: idda wajen wata uku, igama saura wata huɗu. Duk abin da za ki nema a kotu ki fara shi kina cikin ƙasar da igama mai rai. Kuma ki sani in igama ta mutu banki yana daskarar da asusu, don haka ko kin buɗe, kada ki zuba komai a ciki.

Baban Amir: Ni namiji ne, kuma na yi saki a ƙasar nan, ban ji daɗin faɗa ba amma zan faɗa. A yi wa mijin adalci a kan rusum. Da aka fara shi a Yulin 2017 riyal 100 ne kan kowane mutum a wata, yana ƙaruwa duk shekara har ya kai 400 a 2020. Mace da yara uku riyal 1,600 ke nan a wata, 19,200 a shekara, ban da inshorar lafiya, ban da haya. Hayar Jidda kuma kowa ya san yadda ta koma bayan rusau ɗin Gulail da Karantina da Sabil. Akwai magidanta da ba ƙiyayya ce ta sa su mayar da iyali gida ba, nauyi ne. Ban ce nasu haka ne ba, amma a tambaye shi a fili: saki kake nufi, ko mayar da mu gida kake nufi da aurenmu? Hanya biyu ce daban.

Kuskuren da na yi, na bar ta ta tafi da yara ba mu rubuta komai ba. Ina turo kuɗi in na samu, wani wata da yawa, wani wata babu. Ita tana ganin na yi watsi da su, ni ina ganin ana hana ni jin muryar 'ya'yana. Shekara biyu muka yi a haka, yaran ne suka sha wuya. Sai da yayanta da kawuna suka zaunar da mu aka rubuta: nawa a wata, ranar nawa, kuɗin makaranta kai tsaye ga makaranta, hutu a wurin wa. Ina ba ta shawara a rubuta adadin da riyal, ba da naira ba. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 ne bai motsa ba, naira kuwa kun ga abin da ya same ta tun Yunin 2023. Kuma a sa shaidu daga gida, nasa da nata, don ranar da shi ma ya bar Saudiyya babu albashin da kotun nan za ta cira.

Abu Sudais: To wannan magana na yarda da ita. A tambaye shi tukuna. Abin da nake gudu ke nan, a yanke hukunci ba a ji ta bakinsa ba.

Zawarciya Daga Kano: Ni na dawo gida daga Madina da yara biyu, bari in faɗa miki abin da ba wanda ya faɗa mini. Wata ukun farko gidanku za su karɓe ki hannu bibbiyu. Daga nan za ki fara jin nauyin kanki, ko ba wanda ya ce miki komai, musamman in akwai matan yayye a gidan. Ki zo da kuɗin hayar shekara ko na ɗaki ciki da falo ne, da ɗan jari, ki raba su, kada ki taɓa jarin don kunyar 'yan tsaraba. Mutane suna ganin wanda ya fito daga Saudiyya da buhun kuɗi ya zo. Kayan ɗaki kada ki ce sai kin yi kago da su, kuɗin jigila ya fi ƙarfinsu. Ki sayar da firji da na'urar sanyaya ɗaki da gado a can, ki riƙe injin niƙa da tukwanen sana'arki. Sai makaranta. 'Yata da Larabci ta yi karatu har aji huɗu, da muka zo sai da aka mai da ita baya saboda Turanci, ta yi ta kuka. Ki karɓo takardun makarantarsu da hatimi kafin ku taso, kuma tun yanzu ki fara zama da babbar kuna karatun boko na gida. Ki duba ranar mutuwar fasfo ɗin yaran ma. Sabuntawa yanzu sai da lambar NIN da takardar amincewar iyaye, ya fi sauƙi a yi shi a ƙaramin ofishin jakadanci na Jidda uban yana kusa.

Maman Ilham: Ni da zan ba ta shawara ta buɗe wayarsa in yana barci ta kwashi hujjoji. In da wata a waje ko yana ɓoye kuɗi, ta riƙe.

Ummu Rayyan: A'a, Maman Ilham, don Allah kada ta yi. A ƙasar nan leƙen wayar wani ba izini, ko mijinki ne, yana shiga dokar laifukan intanet ta 2007, hukuncinsa yana kai ɗaurin shekara ɗaya ko tarar riyal 500,000. Ta je neman haƙƙi ta koma wadda ake ƙara. Saƙonnin da ya turo mata a wayarta nata ne, su ta ajiye. Haka fallasa shi a zaure ko a Facebook, kada ta fara. In kuma akwai duka ko barazana, wannan ba maganar jira ba ce, 1919 ake kira, layin kai rahoton cin zarafi a cikin gida.

Baiwar Allah: Ku yi haƙuri in tambaya. Mu da ba mu da igama fa? Malam ne ya ɗaura mana aure a unguwa, ba takarda. Yarana biyu a gida na haife su.

Hajiya Babba: 'Yata, naki ya fi nauyi, ba zan ɓoye miki ba. Tun malamin da shaidun suna raye, ki sa a rubuta cewa an ɗaura, ranar kaza, sadaki kaza, waliyyi wane, su sa hannu. Yaran ma uban ya rubuta da hannunsa cewa nasa ne, a gaban mutane. In saki ya zo kada ki karɓa da baki, ya rubuta, shaidu biyu su gani. Takardar nan ita za ta yi miki amfani a gaban alƙali a gida, ita za ta kare nasabar yaran da gādonsu. Maganar tafiya kuma ofishin jakadanci suna ba da takardar tafiya ta gaggawa ga wanda ba shi da fasfo. Ki same ni ta akwatin sirri, akwai dattawan unguwa da suka saba raka mutane.

Admin: Mai tambaya ta sake turo saƙo:

"Na gode, Allah ya biya kowa. Na karanta har sau uku. Baban Amir, na yi tambayar da ka ce, kawuna yana kan waya yana ji. Ya yi shiru, ya ce a ba shi zuwa ƙarshen wata. Ban matsa ba. Na roƙi fasfo ɗina ya ba ni, na yara ya ce su zauna a wurinsa amma ya bar ni na ɗauki hoto. Layin da sunansa ne, kamar yadda Maman Walid ta yi zato. Sakin bara ba a rubuta shi ko'ina ba, da baki ne, komen ma haka. Takardar aurenmu tana gida wurin Baba, ƙanena zai turo hotonta gobe. Uwar adashi ta ce kwasar wata mai zuwa tawa ce. Bankin ne nake jin tsoro, Larabcina na kasuwa ne, ban san me zan ce musu ba."

Ummu Rayyan: Sakin baran nan ki gaya wa kawunki a rubuta shi da komen, ku biyu ku amince a kan adadin tun ba a shiga gardama ba. Hoton takardar auren zai yi amfani yanzu, amma asalin ma a aiko da shi, don kotu takan nemi wadda aka fassara aka buga wa hatimi.

Maman Walid: Ranar Lahadi banki yana buɗe. Zan hau jirgin ƙasa na safe daga Makka in sauka a tashar Sulaimaniyya, ki turo mini unguwarku ta hannun Admin. Mu fara yankar layin, don bankin zai nemi lambar wayar da aka yi wa rajista da igamarki. Ki zo da igamar da fasfo, autan ma ki taho da shi, zan riƙe miki.